DAGA ALLON MALAM: Sabon Inji a Tsohon Jirgi

  

A watan jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar kuɗin littattafan yara, to amma ku gafarce ni, wani abu ya gitta wanda na ga bai kamata ya jira ba, domin yanzu ne lokacinsa. An yanke riɗi, an kai kasuwa, kuɗi ya shiga hannun mutane, ruwan kogi kuma ya ja baya. A irin wannan lokaci ne masu jirage ke jawo su kan tudu don gyara, kuma a irin wannan lokaci ne ake yin cinikin da za a yi da-na-saninsa in damina ta faɗi. Saboda haka yau maganar inji za mu yi. Na san wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta da baƙin mai? To, a yi haƙuri a ji.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mutumin bakin ruwa ne. Yana da jirgin katako a tafkin da ya taru bayan madatsun Rumela da Burdana, watau waɗanda aka gina a kan kogin Atbara da kogin Sitit aka buɗe a shekarar 2017. Kafin a tare ruwan, wurare da yawa da ƙafa ake haye su da rani, ko da ƙaramin kwale-kwale. Da ruwa ya kwanta ya yi faɗi, sai jirgi ya zama shi ne motar mutanen wurin. Jirgin Kawu yana ɗaukar buhunan dawa da albasa, da kifin masunta, karfasa da tarwaɗa, da masu zuwa kasuwa, da marasa lafiya. Ranar da hanya ta yanke kuwa, har 'yan makaranta yake ɗauka. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu komo gare shi.

Jirgin kansa na itacen bagaruwa ne, wadda Larabawa ke kira sunut, irin wanda masassaƙan Abu Rof ta Umdurman suka yi suna da shi. Tsawonsa a kan ruwa mita 9. Injin da ke ciki tsoho ne tukuf, mai silinda ɗaya, ƙirar Indiya, kwaikwayon Lista ta Ingila, mai ƙarfin doki 8, yana juyi 850 a minti. Da can ban-ruwa yake yi a wani lambu kafin a sa shi cikin jirgi. Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san ƙararsa, tuf-tuf-tuf, tun daga nesa. A ƙarshen damina ya fara shan baƙin mai kamar shayi, sa'an nan wata safiya ya ƙi tashi gaba ɗaya. Aka buɗe, aka ga abin da za a kashe wajen gyara ya kusa kuɗin sabo.

Sai ga Kawu a gidana da la'asar, da kuɗin riɗinsa ɗaure cikin rawani. Bayan mun gaisa an kawo ruwa, ya ce, "Malam, babur na zo saye." A nan bari in yi wa 'yan'uwanmu na Nijeriya da Nijar bayani, in wannan takarda ta kai gare su. A wurinku babur shi ne mai ƙafa biyu. A wurinmu kuwa tarakta babur ce, injin ban-ruwa babur ne, har jirgin ruwa mai hayaƙi na zamanin da babur ne. Wanda Kawu ke nufi shi ne injin tarakta. Wani dillali ya nuna masa injin Perkins mai silinda huɗu, wanda aka ciro daga tsohuwar Massey Ferguson, ƙarfinsa ya kusa doki 80, kuma kuɗinsa bai wuce na ƙaramin sabon inji da yawa ba.

Ya ce, "Doki 80 a kuɗin doki 20. Ai ko ba a yi makaranta ba an san wanda ya fi."

Na ce, "Kawu, haka ne. Amma ka ba ni daren yau in yi lissafi, gobe mu tafi wajen usɗa tare."

Ya yi dariya ya ce, "Ku malamai, ko tuwo aka ajiye muku sai kun yi lissafi."

Ban ga laifinsa ba. Gadarif garin tarakta ne. Tun tsakiyar shekarun 1940 da aka fara noman inji a Gadambaliya, ba abin da makanikanmu suka sani ciki da waje kamar injin tarakta da na lori. Mun ga yadda suke riƙe tsofaffin Bedford, waɗanda ake kira Sifinja, su ƙara musu ƙarfe, su ɗora musu kayan da ko waɗanda suka ƙera su ba su yi mafarki ba, kuma motocin su yi ta tafiya shekara da shekaru. Wannan gwaninta ce abar alfahari. Sai dai ita ce kuma take sa mu ɗauka abin da ya yi a tudu zai yi a ruwa. Mota in ta mutu a hanyar Shuwak, a sauka a nemi gindin itace a zauna, a jira mai wucewa. A tsakiyar tafki babu gindin itace.

Ga lissafin da na yi a daren, kuma na so kowane mai jirgi ya sa ɗansa ɗan makaranta ya yi masa irinsa. Jirgi mai nauyi irin namu, wanda ke keta ruwa da ƙirjinsa, yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. Dalili shi ne, yayin da yake tafiya yana ta da igiyar ruwa a gabansa, kuma gwargwadon gudunsa gwargwadon tsawon igiyar. In tsawon igiyar ya kai tsawon jirgin, sai ya zama goshinsa na kan tudun ruwa, gindinsa na cikin kwari, yana ƙoƙarin hawan tudun da shi da kansa ya tara. Masana ƙirar jirage suna da hanya mai sauƙi ta gane wannan iyaka. Ka auna tsawon jirgi a kan ruwa da mita. Ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, watau abin da yaranmu ke kira jazar a darasin hisabi. Sa'an nan ka ninka ta da 4.5. Na Kawu mita 9 ne, jazarinsa 3, sau 4.5 ya ba da kilomita 13.5 a awa. Nan ne iyakarsa, ko da injin jirgin ƙasa aka sa masa.

To doki nawa ake bukata a kai kusa da wannan iyaka? Maƙeran irin waɗannan jirage sukan ƙiyasta doki 4 zuwa 6 ga kowane tan na nauyin jirgi da kayansa. Jirgin Kawu in an yi masa lodi daidai, da katakonsa da injinsa da mutane da buhuna, bai wuce tan 4 ba. Watau doki 20 ya wadace shi, har da na yaƙi da iska. Sauran doki 60 ɗin ina za su? Za su tafi wajen haƙa rami a ruwa. Gindin jirgi ya nutsa, goshi ya ɗaga, kuma jirgin da aka cika har ruwa ya kusa leɓensa, ta baya ruwa zai fara shigo masa. Ga kuma maganar jaz, watau man dizal. Injin dizal yakan sha kimanin rubu'in lita a awa ga kowane dokin da ya yi aiki. Doki 20, lita 5. Doki 80 in an sake musu linzami, lita 20, alhali kuwa tafiyar ba ta ƙaru da abin a-zo-a-gani ba. In kuma aka ce za a riƙa tafiya da shi a hankali kullum, to babban inji da ba ya samun kaya daidai ƙarfinsa ba ya ɗumi sosai, baƙin hayaƙi ya taru a cikinsa, ya tsufa tun lokacinsa bai yi ba.

Da safe muka tafi wajen masu gyara, wurin wani dattijon usɗa da ya taɓa aikin jirage a Kosti, a bakin Farin Nilu. Na karanta masa lissafina ina jin kaina. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya juya wajen Kawu ya ce, "Alhaji, shekarar jirgin nan nawa?"

Kawu ya ce, "Ya haura ashirin."

"Yaushe rabonka da ka duba haƙarƙarinsa na ƙarƙashin inji?"

Kawu ya yi shiru.

Usɗa ya ce, "Lissafin Malam daidai ne, amma ya fara daga tsakiya. Ba a sayen inji sai an tambayi jirgi. Ka ɗauki ƙusa ka bi katakon nan ɗaya-ɗaya. Inda ta shiga ba da ƙarfi ba, wurin ya mutu. Shekara ashirin baƙin mai da ruwa suna kwana a wurin. In ka ɗora wa tsoho kayan saurayi, ba kayan ne za su karye ba."

Ya ƙara mana da abin da ban sani ba. Ya ce farfela tura sanda take yi, sanda ta tura akwatin giya, akwatin ya tura jirgi gaba ɗaya. Giyar mota da ta tarakta ba a yi su don ɗaukar wannan tura ba, juyi kawai suka sani. Wanda ya sa su a jirgi ba tare da boris na musamman mai tare turar ba, zai ji daɗi wata biyu, a na uku haƙoran giya su zube. Har ila yau injin tarakta da lagireto yake shan iska, a fili. In an dulmiya shi cikin jirgi aka kewaye shi da buhuna, iska ba ta kai masa, sai zafi. A ƙarshe ya ce, "Kuma duk injin da za ku saya, ku fara zagaya kasuwar nan ku tambayi isbir ɗinsa. Nozul, zobban fistan, filta, bel. In ba ku samu a shago uku ba, ku bar shi, ko kyauta ne." Wannan magana ta usɗa ta ƙara nauyi tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, lokacin da hanyar kayan gyara daga Khartum ta yanke, kowa ya koma jiran abin da zai taso daga Bur Sudan. Mutane da yawa sun ajiye injuna masu kyau saboda rashin ƙarfen da bai kai girman yatsa ba.

Kawu dai bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Muka sayi ɗan Sin mai silinda ɗaya, doki 22, mai juyi 2,200 a minti, irin wanda ake sa wa injin niƙa da na ban-ruwa, wanda kowane ƙauye akwai mai iya buɗe shi. Muka haɗa da akwatin giya na jirgi, mai gaba da baya, mai rage juyi kashi biyu da rabi. Kuɗin akwatin ya sa Kawu salati, amma dole ne. Farfelar jirgi mai nauyi ba ta son sauri. In ta yi juyi 2,200 kumfa kawai za ta yi ta kaɗawa. Raba 2,200 da 2.5, ka samu 880, kusa da juyin tsohon inji.

Sai na ce, to ashe tsohuwar farfela da sandarta za su yi, mun huta. Usɗa ya girgiza kai. Ya ce juyin ɗaya ne, amma ƙarfin murɗar ya kusa ninka uku, tun da doki 8 ya koma 22. Siririyar sandar da za ta iya murɗewa, farfelar da kuma ta yi ƙanƙanta, inji zai yi ta ihu ba ya jin kaya. Bugu da ƙari, farfela iri biyu ce, akwai mai juyin dama akwai mai juyin hagu, kuma dole a san inda sabuwar giya ke juyawa kafin a saya. Ya ce ya taɓa ganin wanda ya gama aiki tsaf, ya tara jama'a, ya sa giyar gaba, jirgi ya yi baya da su cikin ciyawa.

Ni da usɗa muka bi Kawu zuwa bakin ruwa, muka yi kwana shida. Ƙusa ta shiga haƙarƙari biyu kamar ana soka ta cikin kabewa. Kafinta ya canja su. Aka shimfiɗa dogayen katako biyu masu kauri a tsawon jirgin, suka hau kan haƙarƙari shida, don nauyi da girgizar inji su rarrabu, aka ɗaure su da noti har waje. Sabon injin ya fi tsohon sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka gindin jirgi ya ɗan ɗaga, farfela ta matso sama. Sai aka gyara wurin zaman kaya, aka mayar da tanki baya. Aka naɗe salansa da abin tare zafi, aka kai bakinta sama da ruwa sosai kuma nesa da inda mutane ke zama, domin hayaƙin inji a wurin da ba iska yana sumar da mutum.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita inji da sandar farfela. Fuskokin ƙarfe biyu ne ke haɗuwa, kuma ratar da ke tsakaninsu ba a so bambancinta daga gefe zuwa gefe ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, watau kamar kaurin takardar da kuke karantawa. Usɗa ya yini yana cusa siraran ƙarafa ƙarƙashin ƙafafun inji yana cirewa. Da ya gama ya ce wannan na wucin gadi ne. Katako a tudu dabam, a ruwa dabam. Sai jirgi ya kwana biyu ko uku a ruwa, ya sha ya kumbura ya koma siffarsa, sa'an nan a sake aunawa. Wanda ya tsallake wannan, zai ga sanda na zafi, jirgi na rawa, ruwa na tsattsafowa ta inda sanda ta fita.

Akwai kuma maganar ruwan sanyaya inji. Atbara da Sitit daga duwatsun Habasha suke gangarowa, kuma kowa ya san launinsu da damina. Lakar da suke ɗaukowa ita ce ta cinye babban rabo na cikin madatsar Khashm al-Girba tun da aka gama ta a 1964. Abin da ya cike madatsa, me zai yi wa ɗan hanjin inji? Irin injin da muka saya yana da tukunyar ruwa a kansa. Usɗa ya hana a riƙa kamfato ruwan kogi ana zubawa kai tsaye. A ajiye jarka guda ta ruwan da ya kwanta ya tace, daga ita kaɗai za a ƙara.

Ranar gwaji ta zo. Usɗa ya sa aka ɗora buhunan yashi daidai nauyin lodi, don gwajin jirgi fanko yaudarar kai ne. Ya ce alamar farfela ta dace ita ce, in an buɗe wuta duka inji ya kai cikakken juyinsa ba tare da baƙin hayaƙi ba. In ya kasa kaiwa yana tuƙa hayaƙi, farfela ta yi masa girma. In ya wuce yana kuka, ta yi ƙanƙanta. Muka tashi, ni da Kawu da usɗa da yara biyu. Inji ya ɗauka lafiya lau. Jirgi ya miƙe, iska na kaɗa mana riguna, ni kuwa har na fara shirya yadda zan ba da labarin lissafina a ɗakin malamai.

Muna tsakiyar ruwa, inji ya yi tari sau biyu, ya yi tsit.

Jama'a, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Iska ta juya jirgi ta ba shi gefe, igiyar ruwa ta fara marinsa, tana kora mu wajen kan itatuwan da tafki ya shanye, waɗanda rassansu ke leƙowa kamar ƙahoni. Ni ban iya iyo ba. Duk lissafin da na yi ya bi iska. Kawu kuwa ko gezau. Ya ɗaga wata tabarma, sai ga filafilai biyu da doguwar gora da anka da igiyarta. Ya ce wa yaran, "Ku juya masa goshi ya fuskanci iska." Suka tuƙa, ya jefa anka, jirgi ya tsaya. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam, wannan babu shi a allo ko?"

Na ce, "Babu, Kawu."

Usɗa ya kwance filta, sai ga ta cike da tsatsa da laka da ruwa. Tsohon tanki ne. Mun canja inji, mun canja giya da sanda da farfela, amma tankin da ya shekara ashirin yana tara dauɗa a gindinsa muka mayar da shi yadda yake, don ni da bakina na ce lafiyarsa lau, a rage kashe kuɗi. Usɗa ya so a wanke, ni na ce lokaci ya ƙure, hutuna ya kusa ƙarewa. Tsohon inji da yake tafiya a hankali bai taɓa girgiza tankin ba. Sabo ya girgiza shi, dauɗa ta taso. Kuma sababbin injuna ƙofofin nozul ɗinsu ƙanana ne, ba su da haƙurin tsofaffi. Aka wanke filta a nan tsakiyar ruwa, aka zuƙe iska daga hanyar mai, muka lallaɓa muka komo. Washegari aka sauke tanki aka wanke shi tas, aka sa tiyo sabo, aka ƙara filta ta biyu mai raba ruwa da mai, wadda kuɗinta bai kai na buhun dawa ɗaya ba.

A daren nan ban yi barci ba, domin wani abu ya faɗo mini a rai. Ranar 15 ga Agusta 2018, a yankin Buhaira na jihar Nahar an-Nil, wani jirgi ya ɗauko yara sama da 40 zuwa makaranta, saboda ruwan sama ya yanke hanyar da suka saba bi da ƙafa. A tsakiyar ruwa inji ya mutu, ruwa kuma yana da ƙarfi. Jirgi ya kife. Yara 22 suka rasu, da mace ɗaya. Allah Ya ji ƙansu. Ni malami ne, na san yadda aji yake in kujera ɗaya ta zama babu mai ita. Ashirin da biyu kuwa, rabin aji ke nan. Da a ce ranar gwajinmu ranar kasuwa ce, ko ranar da aka ɗauko 'yan makaranta, da mutum talatin sun firgita sun ruga gefe guda, da wani labarin ake yi yanzu, kuma da bakina a ciki.

Kada wani ya fahimce ni a kan tsohon jirgi abin yarwa ne. Sam. A tafkin Tanganyika akwai jirgin da ake kira Liemba, wanda Jamusawa suka ƙera a 1913. An nutsar da shi a 1916 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tsamo shi a 1924, ya koma aiki a 1927. A shekarun 1970 aka cire masa injin tururi aka sa dizal, a 1993 aka sake sa masa wasu sababbi, har ya haura shekara 100 da ƙira yana ɗaukar fasinja. Jiki mai kyau yakan binne inji biyu ko uku. Masu kuɗin Turai ma haka suke yi da jiragensu na shaƙatawa, su cire tsohon inji su sa sabo. Amma da nasu da namu doka ɗaya ce: ranar da aka sa sabon inji, duk abin da ya taɓa shi sai an bincika, tun daga katakon da ya zauna a kai har zuwa tankin da yake sha. Wanda aka manta da shi, shi ne zai yi magana a tsakiyar ruwa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwanmu masu jirage, na Atbara da Sitit da Rahad, har zuwa Sinnar da Maiwurno. Kakanninmu da suka biyo hanyar Hajji, da waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu a bakin ruwa suka yada zango, kuma har gobe in ana maganar su da jirgi a ƙasar nan sai an ambaci Bahaushe. Wannan suna amana ne. Kafin ka ba dillali kuɗin riɗinka, ka soki katakon jirginka da ƙusa. Ka auna tsawonsa da nauyinsa, ka sayi doki daidai da shi. Ka ware kuɗin giya da sanda da farfela da tiyo da filta tun farko, don wanda ya kashe duk abin hannunsa a kan inji kaɗai, da tsofaffin tarkace zai ƙarasa aikin. Ka gwada da yashi kafin ka gwada da mutane. Kuma komai sabuntar injinka, kada filafili da gora da anka su bar cikin jirgi.

Ga sarakunan ruwa da shugabannin unguwanni kuma, ina roƙon abu biyu. Na ɗaya, a yi wa kowane jirgi zane da fenti a gefensa, in ruwa ya taɓa zanen, lodi ya tsaya, ko ɗan sarki ne ya rage a gaɓa. Na biyu, masu jirage na kowace mashiga su haɗa ɗan asusu su sayi rigunan ruwa, ko guda goma ne, a fara da na yara. Inda ba a samu ba, jarkar da ba komai a cikinta, mai murfi a ɗaure, da igiya a hannunta, tana riƙe mutum a kan ruwa. Ba ta kai riga ba, amma ta fi babu. Iyaye kuma, ku tambayi mai jirgin da ke ɗaukar 'ya'yanku yaushe rabonsa da wanke tanki. In ya ji haushi, ku ce Malam ne ya aiko ku, kuma Malam ɗin da kansa ya taɓa faɗawa.

Kawu ya aiko mini da busasshen kifi makon jiya, da saƙon cewa inji na aiki lafiya, kuma jaz ɗin da yake sha bai kai abin da ya ji tsoro ba. Ya ce a gaya mini har yanzu in ya tuna doki 80 ɗin nan ransa yakan ɗan sosu. Na aika masa cewa ni ma in na tuna tankin nan nawa ran yakan sosu, sai mu yi wa juna jaje.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar littattafan yara kamar yadda na alkawarta. Mai gyara ko ƙarin bayani, musamman daga makanikai da masunta waɗanda suka fi ni sanin wannan fage, ya rubuto ta hannun edita, za a buga. Ku huta lafiya.